Gina duniyar littafi a cikin Minecraft

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka a Jidda kuna son gina duniyar wani littafin almara a Minecraft, wasan bidiyon nan na gini da bulo, kana tambayar ta inda za ku fara. Shawarata ita ce ku fara da ma'auni, domin kowane bulo a wasan mita ɗaya ne, saboda haka tafiyar kilomita 90 a labari za ta ci bulo 90,000, aikin da ba zai ƙare ba. Ku taƙaita daji da hamada sosai, ku bar wa birane da fadoji girmansu. Tun sabuntawar 1.18 ta shekarar 2021, tsayin duniyar ya kai bulo 384, wanda ya ishi yawancin hasumiyoyi.

Idan kuna da kwamfuta da bugun Java na Minecraft, manhajar WorldPainter za ta zana muku duwatsu da koguna. Ta waya kuwa sai haƙuri.

Inda marubuci bai siffanta gida ba, ku leƙa tsohuwar unguwar Balad ta Jidda ku dubi tagogin katakon nan da suka turo kan titi, domin ƙananan ƙofofin katako na wasan suna kwaikwayonsu da kyau a jikin bangon farin dutse.