Tambaya da Amsa: Wa da Ƙani a Bakin Daga

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubuta gajeren labari a kan yaƙin basasa. Wa da ƙani ne, kowa ya bi ɓangarensa. A ƙarshe ƙanen ya harbe wani daga nesa, da ya je ya juya gawar sai ya ga yayansa ne. Abokina ya karanta, ya ce ko a jikinsa. Ina na kuskure?
Daga wani ɗalibi mai koyon rubutu

Amsa: Ƙanena, abokinka gaskiya ya faɗa maka, kada ka ƙullace shi. Wannan ƙarshen an sha rubuta shi tun kafin a haife mu. Mai karatu na ganin wa da ƙani sun raba gari a shafin farko, ya riga ya hango gawar. Ni ma na taɓa rubuta irinsa ina saurayi. Editan ya maido mini da shi, ya rubuta a gefe da jan biro: "Uwarsu fa?" Kwana uku na yi ina cika ina batsewa.

Ba wai gida ba ya rabuwa ba ne. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, Sanata John Crittenden na jihar Kentaki 'ya'yansa biyu janar-janar ne: George yana tare da 'yan Kudu, Thomas yana tare da sojojin Tarayya. A Ailan kuwa, da aka ƙulla yarjejeniya da Birtaniya a Disamban 1921, Seán Hales ya goyi bayanta, ɗan'uwansa Tom ya ce allambaran, alhali a baya tare suka yaƙi sojan Birtaniya. Saɓanin kan yarjejeniyar ya kai ga yaƙin basasa, a Disamban 1922 aka harbe Seán a Dablin. Ba Tom ne ya harbe shi ba, mutanen ɓangaren Tom ɗin ne. Kuma Tom ya rayu shekaru masu yawa bayan nan da wannan a zuciyarsa. Ni a wurina nan ne labarin yake, ba a jan kunamar bindiga ba.

Don haka ka baro bakin daga, ka shigo cikin gida. Gajeren labari ba shi da filin ɗaukar yaƙi gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya da dare ɗaya sun ishe ka. Nuna mana uwar tana da wasiƙu biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ƙasan akwati don kada maƙwabta su gani. Rediyo ya sanar an ƙwace wani gari. Uban ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya tuna wa ke cikin garin, ya miƙa hannu ya rage murya. Ƙanwarsu kuma an tambaye ta a makaranta yayanta wane ɓangare yake, ta ce, "Wanne daga ciki?"

Wani abu kuma: kada ka mai da ɗaya mala'ika, ɗaya shaiɗan. Wataƙila yayan don albashi ya shiga soja tun ana zaman lafiya, ƙanen kuwa abokai ya bi.

Ka sake rubutawa, ka fara daga ranar da ɗaya ya dawo shi kaɗai, uwar ta kawo masa ruwa ba ta tambaye shi komai ba. Idan ka gama, aiko mini in gani.