Imfak ɗin bai lalace ba, haka kukansa yake

Toh na ga saƙonka na daren jiya, wai kana ɗaura hinjis na wadrob a gidan nan na Fadamar Mada sai imfak ɗin, wato injin ɗaura sukuru mai batir, ya kama ƙara ta-ta-ta, kan sukuru biyu ya cinye, ɗaya kuma ya zarce yana ta juyawa a banza, kana tambaya ko injin ne ya samu matsala. Lafiyarsa ƙalau yaro, hannunka ne bai san shi ba tukuna, kuma ni ma da laifina tunda na miƙa maka ban zaunar da kai ba.

A cikinsa akwai wata 'yar guduma da sifirin. Muddin sukuru na shiga salin alin to juyi kawai yake kamar diril, amma da ya ji tauri sai gudumar ta fara dukan sandar da ke riƙe da bit, wato ɗan ƙarfen da ke shiga kan sukuru, ta gefe take dukan wato wajen juyawa ba wajen turawa ba, fiye da sau 3,000 a minti ɗaya. Ƙarar da ka ji kenan. Shi yasa ba ya murɗe maka wuyan hannu irin yadda diril ke yi in ya cije.

Amma duba diril ɗinmu, akwai zobe mai lambobi a wuyansa, in ka sa a 5 ko 6 da sukuru ya zauna zai saki da kansa. Imfak bashi da wannan zoben, yatsanka ne birkinsa. Kai kuma ka danne kunamar har ƙarshe akan MDF, abin da garin katako ne kawai da gam aka matse, ina zai iya ɗaukar wannan duka? A irin wannan aikin da ka ji ta ɗin farko ka ɗaga yatsa, ko ma ka ajiye shi ka ƙarasa da sukundireba, wallahi ni hinjis har yau da hannu nake ƙarasawa kuma ba wanda ya taɓa ce min na tsufa.

Ramin da ya zarce kar ka damu, ka cusa tsinken ashana uku da farin gam, karye abin da ya fito, barshi ya kwana sannan ka mayar da sukurun.

Kan da ya cinye kuma ina zargin bit ne. Ɗauki sukurun ka kalla da kyau, in ban da gicciyen da ke kansa akwai wasu siraran layuka huɗu a tsakani to PZ2 yake so, kai kuma na san PH2 ne a aljihunka, suna kama amma ba sa zama daram, sai ya dinga tsalle yana cin kan. Kuma in ka shiga kasuwar Muda Lawal ka nemi bit na imfak, yawanci baƙaƙe ne masu siririn ƙugu, wannan ƙugun ke shanye dukan, na banza kuwa tsinkewa yake ɓallin ya nufo ido.

Inda yake nuna kansa shi ne rufi da dogayen sukuru. Sukurun kwano da soket mai lamba 8, sai ka wuni a sama hannu bai gaji ba. Nan ma akwai tarko, robar nan da ke ƙarƙashin kan sukurun so ake ta zauna ta ɗan kumbura kaɗan, ba ta baje ta fito gefe ba. Farkon sayensa na yi wani rufi a Yelwa ina ta jin daɗin gudu na matse su duka har kwanon ya lotsa, rana ta gasa robar ta tsage, watan Agusta na shiga mai gidan ya kira ni silin ɗinsa ya yi taswira, kwana biyu na yi ina canza sukuru da kuɗin aljihuna. In katakon mai tauri ne irin maɗaci ka fara huda da siririn bit ka goga wa sukurun sabulu, in ba haka ba kan sukurun zai tsinke ya bar maka jiki a ciki.

Bango ba aikinsa bane, wannan na hama diril ne. Notin tayar mota ma haka, nasa injin daban mai bakin rabin inci, namu kwata ne.

Batir kuma dan Allah kar ka sake barinsa akan kwano da rana irin ta Maris ɗin nan, na ganka ranar Talata, zafi ke kashe shi, in ya ɗau zafi a bari ya huce kafin a sa a caja. Ƙaramin mai 2Ah ya ishe ka aikin ɗaki, mai 5Ah na rufi ne.

Gobe ka riga ni zuwa shago, akwai guntayen MDF a bayan benci, ka ɗaura sukuru 20 kowanne kansa daidai da fuskar katakon, in na zo zan shafa da hannu.