Tambaya da Amsa: Daga Bauchi Zuwa Toro A Kan Keke Cikin Yini Ɗaya

TAMBAYA: Salam koci, barka da ƙoƙari. Mu goma sha ɗaya ne a nan Bauchi muna fita da keke duk Asabar, yanzu muna so mu je Toro a rana ɗaya. Kwanaki mun gwada zuwa Dass amma abin bai mana daɗi ba, mutum biyu cinyarsu ta ɗaure, ɗaya jiri ya kwashe shi, sauran kuma suka yi gaba suka bar mu. Dan Allah me za mu gyara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya yi albarka. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, kuma tun daga inda ka ce sauran sun yi gaba sun bar ku na gane inda matsalar take.

Bari mu fara da hanyar kanta. Bauchi zuwa Toro kusan kilomita 100 ne, kuma ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce, garin Bauchi yana kan tsayin wajen mita 600 daga teku, Jos kuma wajen mita 1,200, Toro kuwa a kan hanyar Jos yake, toh kaga duk wanda ya nufi wancan ɓangaren hawa yake yi ko da idonsa na ce masa hanya a miƙe take. Za ku wuce dutsen Zaranda da sauran ƙarfinku kuna hira, Nabordo ma lafiya lau, amma hawan Panshanu yana can gaba yana jiranku a lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Shi ya sa duk lissafin ranar a kan wannan hawan ake yinsa. Masu irin fitarku gudunsu a hanya mai tudu bai cika wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa ba, wato awa shida ko bakwai a kan sirdi banda hutu, don haka ana idar da sallar asuba gari ya fara haske ku kama hanya. Kuma ku yi shi lokacin sanyi, Disamba ko Janairu. Maris da Afrilu ban yarda ba sam, zafin Bauchi a lokacin yana kaiwa digiri 40.

Yanzu maganar barin juna. Tafiyar rukuni da gudun mai rauni ake yinta, wannan ita ce doka ta farko a wurina kuma ba na sassautawa a kanta. Ku sa mutum ɗaya mai natsuwa a gaba wanda ba wanda zai wuce shi, sannan wanda ya fi kowa ƙarfi ku ajiye shi can baya da famfo da kayan faci, eh wanda ya fi ƙarfin, domin shi ne zai iya tsayawa da wanda tayarsa ta sace kuma ya jawo shi su kamo ku. A miƙaƙƙiyar hanya ku jeru layi ɗaya, na baya yana fakewa da na gaba daga iska, wannan kaɗai yana rage wahala da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai a riƙa karɓar gaba bi da bi. Amma a hawa wannan dabarar ba ta da wani tasiri sosai tunda gudun ya ragu, a nan kowa ya hau da numfashinsa, sai dai sharaɗin shi ne a saman tudu kowa ya tsaya har na ƙarshe ya iso ya sha ruwa ya huce. Ba wai yana isowa yana haki ku ce toh mu tafi ba, ku kun huta shi bai huta ba, haka ake karya mutum.

Cinyar da ta ɗaure kuwa, mafi yawa giyar keke ce mai nauyi da gajiya. Samari suna ganin kamar abin kunya ne a sauko da giya, sai ka ga yaro ya miƙe tsaye yana danna feda kamar mai daka, kaca tana ƙara, minti biyar ya ƙone. Ka sauya zuwa mai sauƙi tun kafin hawan ya kama ka, ƙafa ta riƙa juyawa wajen sau 70 zuwa 90 a minti, idan kana iya yi wa na kusa da kai magana ba tare da numfashi ya yanke ba toh daidai kake. A duba tsayin sirdi ma, ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sak, wannan ne tsayinka.

Shi kuma mai jirin nan ina kyautata zaton yunwa ce da ƙishirwa. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka awa ɗaya da rabi zuwa biyu yake kai mutum in ana aiki mai ƙarfi, in ya ƙare sai ka ji kamar an zare maka laka. Na taɓa ganin wani yaronmu a gindin bishiya a bakin hanya, hannunsa na rawa har ya kasa fasa ledar ruwa da haƙori, leɓe ya bushe ya yi fari, muka ba shi dabino da shayi mai sukari, bayan kamar minti ashirin sai ga shi yana tambayar ina kekensa. Tun ranar nake cewa a ci kafin a ji yunwa. Duk awa ayaba ɗaya ko biyu, ko ɗan dabino cikin tafin hannu, ruwa kuma leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa, ana kurɓa kaɗan kaɗan. Gora ɗaya a haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya ƙaramin cokali shida na sukari rabin cokali na gishiri. In an tsaya azahar a ci abu mara nauyi, tuwo a bari sai an isa. Amma fa in mutum ya fara sambatu, ko yana tangaɗi jikinsa ya yi zafi rau, wannan ba na dabino ba ne, zafi ne ya buge shi, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a nemi mota zuwa asibiti nan take.

Gangara ta fi ba ni tsoro a kan hawa, gaskiya. Hanyar Jos hanyar tirela ce da motocin haya masu gudu, ga kwana. Ku ba juna tazara mai yawa, hannu biyu a kan birki, a riƙa matsawa ana saki, kar a riƙe shi tun daga sama har ƙasa domin robar birkin tana ɗumama rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, har tayar ta iya fashewa, kuma gudu kafin a shiga kwana ake rage shi. Na gaba in ya ga rami ya ɗaga murya ya nuna da hannu. Hular kwano dole, riga mai haske dole.

Kafin ranar ku yi kilomita 60 sau biyu ko uku, sannan 80 sau ɗaya. Ku samu wani ya biyo ku da mota ko babur ɗauke da ruwa, gida su san hanyar da kuka bi, dawowa kuma ku loda kekunan a mota ko ku kwana a Toro, kar magariba ta same ku a kan titin nan. In kun sa rana ka sanar da ni ƙanina, ina so in ga birkin kowa da idona kafin ku tashi.