Tuwo da miya sun ishi kyanwa? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Kyanwata ragowar tuwo da shinkafa take ci har ta ƙoshi, amma sai ramewa take yi, gashinta na zuba. Dole ne in sayi abincin kanti? (Wata Hajiya daga Zariya)

Amsa: Hajiya, cikinta ne ke cika, jikinta bai samu abin da yake buƙata ba. Kyanwa halittar cin nama ce. Akwai wani sinadari, tawurin, da jikinta ba ya haɗa isasshe, sai ta samu daga nama. Rashinsa a hankali yake cin ido, ya raunana zuciya. Miyar ma ba ta tsira ba: albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa ko an dafa su, gishiri da magi kuma sun yi mata yawa.

In za ki saya, ki duba jikin buhun ki tabbatar an rubuta cikakken abinci ne na kyanwa, kuma nama ko kaza ne farkon abin da aka lissafa. Kada arha ta ja ki ga abincin kare, ba a auna masa tawurin don kyanwa ba. Wanda aka farke ake sayarwa a ƙulle-ƙullen leda kuwa, ba ki san yaushe aka buɗe shi ba; in kin ji warin tsohon mai ko kin ga fumfuna, ki bar shi.

Babbar kyanwa mai kilo 4 na cin kamar giram 50 zuwa 60 na busasshen abinci a rana, rabi da safe, rabi da yamma. 'Ya'yan da ba su kai wata shida ba sau uku ko huɗu. Sauyin abincin ki yi shi cikin mako guda, kina haɗa sabon da wanda ta saba ci: kwata na sabon, sai rabi, sai kashi uku cikin huɗu, don canjin gaggawa na kawo gudawa. Jiƙaƙƙen abinci na gwangwani kada ya wuce awa ɗaya a kwano lokacin zafi. Ki kuma kai ta likitan dabbobi ya duba tsutsar ciki, ita ma tana ramar da kyanwa.

Tambaya: Madara fa? Muzuruna na sonta sosai. (Wani Malam daga Maraɗi)

Amsa: Malam, so daban, narkewa daban. Yawancin kyanwoyi in sun bar nono ba sa iya narkar da sukarin madara, shi ne ke sa su zawo. Ruwa ya fi masa, kusan mililita 200 a rana, a kwano nesa da abincinsa. Muzuru mai cin busasshen abinci ba ruwa yakan samu toshewar mafitsara. Ka gan shi yana ta tsugunawa yana kuka fitsari bai fito ba, ranar nan za ka kai shi likita. Kuma kada ka kuskura ka ba shi farasitamol; ƙwaya ɗaya na iya kashe shi.