Tambaya da Amsa: Baƙin Yariman Italiya

Tambaya: Malam, a fadarmu ta shayi nan Zango, Damagaram, wani da ya dawo daga Italiya ya ba mu labarin "Baƙin Yarima" da ya so kifar da gwamnati. Ya yi ta yabonsa har shayi ya huce. Wane ne shi, kuma ya cancanci yabon?

Amsa: Ƙanena, sunansa Junio Valerio Borghese, haihuwar 1906, ɗan babban gida ne wanda har Paparoma ya taɓa fitowa daga cikinsa. Jaruntar gaskiya ce. A Disamba 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ja jirgin ƙarƙashin ruwa ya sauke mutum shida a bakin tashar Iskandariya ta Masar, suka dasa nakiya a gindin manyan jiragen yaƙin Ingila biyu.

To amma abokin naku rabin labari ya ba ku, kuma abin ya dame ni. Da Italiya ta ajiye makami a Satumba 1943, shi sai ya tsaya tare da Hitila da Musolini. Rundunarsa, Decima MAS, ta koma farautar ƴan ƙasarta masu turjiya, ana azabtarwa, ana ratayewa. Mu maƙwabtan Libiya mun san wannan aƙida ta fasistanci: ita ce ta rataye Umar Mukhtar a 1931.

Da yaƙi ya ƙare, wani jami'in leƙen asirin Amurka, James Angleton, ya fitar da shi daga Milan kafin ƴan turjiya su yi masa hukunci. Kotu ta yanke masa shekara 12 a 1949, afuwa ta sa aka sake shi nan take.

Daren 7 ga Disamba 1970 mutanensa suka shiga rumbun makamai na ma'aikatar cikin gida a Roma, dogaran gandun daji kusan 200 kuma suka nufi gidan talabijin na ƙasa. Ana cikin haka, shi da bakinsa ya ce kowa ya koma gida. Aka mayar da bindigogi, gari ya waye tamkar ba a yi komai ba. Sai a Maris 1971 wata jarida ta fasa ƙwai.

Ya tsere Sifaniya, wajen Janar Franco mai mulkin ƙasar a lokacin, can ya mutu a 1974. Waɗanda aka gurfanar kan juyin mulkin, kotu ta wanke su a 1984.

Ni dai ba na yabonsa. In kun zauna gobe, a zagaye na biyu na shayi, ka tambayi abokin naku ko ya ji labarin waɗanda aka rataye.