Tambaya da Amsa: Yaushe ake cewa "fan out", yaushe ake cewa "spread out"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarabawar Turanci. Na ci karo da wannan jimla a wani labari: "The rescuers fanned out across the valley." Abin da na sani da "fan" shi ne fanka, ko masoyin ƙungiyar ƙwallo. Ƙamus ya ce min ma'anar "fan out" bazuwa ce. To, ɗaya suke ke nan da "spread out"? Kuma daidai ne in rubuta "The news fanned out quickly"? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Amin, na gode. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, amma ya taƙaita. Duka biyun bazuwa ce, sai dai "fan out" yana ɗauke da siffar bazuwar, shi kuwa "spread out" bai damu da siffa ba.

Ki ɗaga hannunki ki ware yatsunki. Duk daga tafi ɗaya suka fito, kowane ya nufi gefensa, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa yayin da suke nisa da tafin. Wannan shi ne hoton da Bature yake gani idan ya ji "fan out". Saboda haka jimlar da kika karanta tana nufin masu ceto sun taso daga wuri guda, suka rarrabu, kowa ya kama hanyarsa cikin kwarin domin kada wani lungu ya tsere musu. Abu uku ne a ciki: mafari ɗaya, fuskoki daban-daban, kuma galibi da niyya da tsari. Shi ya sa za ki fi ganinsa a labarin 'yan sanda masu bincike, sojoji, masu neman wanda ya ɓata, ko ma'aikatan lafiya da aka tura unguwanni.

Ba daga fankar lantarki aka samo wannan ma'ana ba. Kalmar ta shigo tsohon Turanci daga "vannus" ta Latin, wato abin sheƙe hatsi. Daga baya aka kira mafici da sunan, har da irin mai naɗewa wanda ya isa Turai daga Japan da Sin a ƙarni na 16. Haƙarƙarinsa duk a maƙale suke a wuri ɗaya, in an buɗe shi sai su ware. Daga nan siffar ta fito. Shi kuwa "fan" na masoyin ƙwallo wata kalma ce dabam, ba ruwansa da wannan.

"Spread out" ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Idan malamin motsa jiki ya ga yara sun cunkushe ya ce musu "Spread out!", so yake kowa ya matsa ya ba ɗan'uwansa fili, ba wani mafari ko alkibla da yake nufi. Ana kuma amfani da shi wajen shimfiɗa abu ko baje shi: "She spread the map out on the table", ta baje taswira a kan tebur. Har lokaci ana rarrabawa da shi: "They spread the payments out over six months", sun rarraba biyan cikin wata 6. A waɗannan biyu na ƙarshe ba a sa "fan out" ko kaɗan. Amma a jimlar masu ceto, da marubucin ya ce "spread out" bai yi kuskure ba, sai dai hoton ya ragu. Kusan duk inda "fan out" ya zauna, "spread out" zai iya zama, amma ba a juya maganar.

Sai jimlarki ta labari. Za a fahimce ki, amma ba haka masu harshen suka saba faɗa ba, kuma mai duba takardar jarabawa zai iya ja mata layi. Labari, jita-jita, cuta da gobara duk yaɗuwa suke yi, daga wannan zuwa wancan, ba su san hanya ba. Abin da ya dace da su shi ne "spread" shi kaɗai: "The news spread quickly." Ki lura ban ƙara "out" ba. Ɗalibai da yawa suna liƙa shi a nan saboda suna jin jimlar ta fi cika da shi, alhali babu aikin da yake yi. Ina son ki riƙe wannan sosai, domin an fi faɗawa wannan rami fiye da na "fan out" ɗin kansa.

A fannin nahawu, "fan out" yana aiki ta hanya biyu. Yana zuwa a matsayin aikatau ƙi-karɓau, inda masu aikin su ne suke bazuwa: "The soldiers fanned out." A nan yakan ja wata ƙaramar kalma mai nuna wuri. "Across" ko "over" na nuna filin da aka mamaye, "from" na nuna mafari, "through" kuma wurin da aka ratsa, kamar daji ko cikin gari. Ba dole sai mutane ba: "Five roads fan out from the square" na nufin hanyoyi biyar sun fita daga dandalin, kowace ta nufi nata ɓangaren. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mutum ɗaya. Ba a cewa "He fanned out across the field", domin mutum guda ba ya rabuwa gida-gida. Dole mai aikin ya zama jam'i, ko ƙungiya, ko abu mai sassa kamar jela ko gashi.

Yana kuma zuwa a matsayin so-karɓau, inda wani ne yake ware abin: "The peacock fanned out its tail", ɗawisu ya buɗe jelarsa. Idan karɓau, wato abin da ake warewa, suna ne, kina da zaɓi, ki ce "fan out the cards" ko "fan the cards out". Idan wakilin suna ne, zaɓi ya ƙare, tsakiya zai shiga: "fan them out". "Fan out them" kuskure ne. Wannan doka ta shafi "spread out" ma, da sauran 'yan'uwansu da ake iya raba su, irin su "put on" da "turn off".

Wajen rubutu, ana ninka harafin "n": "fanned", "fanning". Shi kuwa "spread" ba ya sauya kama a shuɗaɗɗen lokaci. Yau "spread", jiya ma "spread", babu "spreaded" a daidaitaccen Turanci. Wajen furuci kuma, a kan "out" ake ɗora nauyin murya.

Akwai maƙwabta biyu da suke rikita masu koyo. "Scatter" watsewa ce ba tsari, kamar taron da ya ji ƙarar harbi kowa ya yi ta kansa. Masu ceto ba sa yin haka, shi ya sa marubucin bai zaɓe shi ba. "Branch out" kuma, duk da daga reshen itace aka ɗauko shi, an fi jinsa a harkar sana'a, idan mutum ko kamfani ya shiga sabon fanni: "The company branched out into furniture", kamfanin ya faɗaɗa ya fara harkar kayan ɗaki. Yawanci "into" ne yake biye da shi.

Idan karatunki ya kai ki fannin lantarki ko kwamfuta, za ki ga "fan-out" da karan ɗori a tsakiya. Wannan suna ne, ba aikatau ba, yana nufin adadin mashigan da mafita ɗaya take iya ciyarwa da sigina. A jimlar yau da kullum, inda aikatau kike nufi, ki rubuta kalmomin biyu a rabe, ba karan ɗori.