Shin 'yan kallo sun gaji da finafinan Marvel ne, ko hayaniyar intanet ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kallon finafinan jarumai na kamfanonin Marvel da DC ne tun ina sakandare. Yanzu duk inda na leƙa a intanet sai in ga ana cewa zamaninsu ya wuce, mutane sun ƙosa. Can kuma sai in ji wani ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Haka ma maki: masu sharhi su yaba, 'yan kallo su kushe. Malam, maganar wa zan kama?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Duka ɓangarorin biyu suna da hujja, sai dai kowa ya kama inda ya yi masa daɗi.

Masu cewa an gaji suna nuna shekarar 2023. A 2019 Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a duniya. Shekara huɗu bayan nan The Marvels ya tashi da kimanin dala miliyan 206, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a tarihin jerin finafinan Marvel da Endgame yake ciki. The Flash na DC ma ya sha ƙasa a shekarar. Amma ko shekara ba a cika ba, sai ga Deadpool & Wolverine na Marvel, wanda ya fito a Yulin 2024, ya haura dala biliyan 1.3. Wanda ya ƙosa da tuwo ba ya ƙara malmala ta biyu. Ashe ba jaruman aka ƙi ba, wani abu ne daban ya ishi mutane.

A ganina abin da ya ishe su shi ne an mayar da kallo kamar aikin gida na makaranta. Tun da kamfanin Disney, mai mallakar Marvel, ya buɗe manhajarsa ta kallo, Disney+, a ƙarshen 2019, Marvel ya shiga zubo shirye-shirye masu dogon zango ba ƙaƙƙautawa: WandaVision da Loki a 2021, Ms. Marvel da She-Hulk a 2022, Secret Invasion a 2023, ga wasu a tsakani. Kuma aka ɗaure su da finafinan silima. Na kalli The Marvels da wani abokina da bai taɓa buɗe Disney+ ba. Ba a yi minti ashirin ba ya fara zungurina da gwiwar hannu yana raɗa mini, "Wai wannan yarinyar 'yar waye? Ita kuma waccan a ina ta samo nata ƙarfin?" Amsar ta farko tana cikin Ms. Marvel, ta biyun tana cikin WandaVision, wato sa'o'i da dama na kallo kafin ka cancanci fahimtar fim ɗin da ka biya kuɗin tikitinsa. Da muka fito bai ce fim ɗin ba kyau ba. Cewa ya yi ya ji kamar ya je bikin da bai san ango ba bai san amarya ba.

Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da bakinsa ya amsa cewa yawan ya rage inganci, kuma a 2024 ya sanar da cewa za a rage finafinan Marvel zuwa biyu ko uku a shekara, shirye-shiryen kuma kamar biyu. Adalci ne kuma a faɗi cewa The Marvels ya fito ne daidai ƙarshen yajin aikin 'yan wasan Hollywood, jarumansa ba su samu sun yi masa talla ba.

Sai batun maki, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Lambar masu sharhi da kake gani a Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara makin finafinai, ba darajar fim ba ce. Idan an rubuta 90, ma'anarsa kashi 90 cikin ɗari na masu sharhin sun ce fim ɗin ya yi, ko da "ya yi" ɗin na ba-yabo-ba-fallasa ne. Makin 'yan kallo kuwa a da kowa na iya zuba nasa, ya kalla ko bai kalla ba. Kafin Captain Marvel ya fito a 2019, wasu da ke jin haushin jarumar, Brie Larson, suka yi wa shafinsa ca da suka. Hakan ya sa shafin ya hana yin sharhi kafin fitowar fim, daga baya ya fara ware makin waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Shirye-shiryen manhaja ba su da tikiti, don haka in ka ga an yi wa irin su She-Hulk ruwan maki mafi ƙasa tun ranar farko, ka san akwai masu rigimar da ba ta shafi labarin ba a ciki.

Ni abu biyu nake dubawa. Na farko CinemaScore, wani kamfani a Amurka da ke tsayar da mutane a ƙofar silima daren farko ya ba su kati su zaɓi maki daga A zuwa F. Masu zuwa daren farko masoya ne na haƙiƙa, shi ya sa B ma a wajen fim ɗin jarumai alamar ciwo ce. Endgame A+ ya samu, Deadpool & Wolverine A, Captain America: Brave New World na 2025 B-, Joker na biyu kuwa D, alhali na farkon ya haura biliyan ɗaya a 2019. Abu na biyu da nake dubawa shi ne cinikin mako na biyu. Makon farko talla ce ke cika kujeru, na biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne. Ant-Man na 2023 ya faɗi da kusan kashi 70 a makonsa na biyu a Amurka, The Marvels da kashi 78.

Ko waɗannan ma'aunan ba su gama magana ba. Thunderbolts* na 2025 ya samu yabon masu sharhi da A- daga 'yan kallo, duk da haka bai kai dala miliyan 400 ba, don an riga an saba wa mutane su jira wata biyu ko uku fim ya sauko manhaja. Superman na darakta James Gunn ya wuce miliyan 600 a shekarar, kuma ba sai ka kalli komai kafin ka shige shi ba. The Penguin, shirin tashar HBO da aka ciro daga labarin Batman, shi ma haka, labarin ɗan daba ne mai neman sarautar unguwa, ko ba ka damu da Batman ba zai riƙe ka.

Don haka in fim ya fito, bari makon farko ya wuce, ka duba CinemaScore da yadda cinikin mako na biyu ya kasance, sannan ka tambayi wanda ya kalla abu guda: sai na kalli wani shiri kafin in gane shi?